Ni Na Share Filashin Surukina

Goggo, ki taimake ni da shawara, don wata magana ta tsaya mini a maƙoshi, ta ƙi wucewa ta ƙi fitowa.

Amma kafin in kawo kukana, bari in yaba wa gidan rediyon da nake wa aiki, don ya cancanci yabo. Wata uku ke nan da muka waye. An yi wa situdiyo fenti, an sa fitilu masu launi, an sauya taken tasha da wani mai ƙara kamar ana rushe bene. Daga safe har yamma kiɗan zamani muke saki, irin wanda in ka ji waƙa ɗaya ka ji ɗari, kuma wannan ma sauƙi ne ga mai sauraro, ba sai ya wahalar da kansa wajen tuna wacce ce wacce ba. Da mutum ne ke zaɓen waƙa, yanzu kwamfuta ce. Ita kuwa ba ta tari a makirfo, ba ta neman hutun jinya, ba ta da ’yar da za ta haihu a ce sai ta je barka. Ci gaba dai, Goggo, sai godiya.

Ni aikina nemo talla. A kasuwa na tashi, a rumfar kayan lantarki ta yayana. Na ɗan taɓa karatu har na samu takardar da ake nunawa, sannan na koma yawon shaguna da jaka a hammata ina sayar da iska. Iska ce fa muke sayarwa: minti ɗaya da safe yana da tsada, na tsakar rana yana da araha. Albashina ba ya kai ni ko’ina, da kamasho nake rayuwa.

Wanda abin ya shafa surukina ne, mahaifin matata. A tasha kowa Baba Faifai yake ce masa. Shekara goma sha tara yana gabatar da shirin tsofaffin waƙoƙi, daga ƙarfe tara na safe zuwa sha ɗaya. Shi ya ja hannuna zuwa ofishin manaja ya ce a gwada ni, bakina zai yi amfani. A gidansa kuma na fara ganin matata, ranar da ya aike ni ɗauko masa akwatin kaset. Kin ga aiki da mata duk ta hannunsa suka zo mini.

Masu sauraron Baba ba masu kira ba ne. Teloli ne, da masu injin niƙa, da makanikai, da mata masu wanki da guga. Hannunsu na cikin aiki, katin wayarsu kuma ba na ɓarnatarwa ba ne. Saboda haka filashin suke yi: mutum ya danna lambar tasha, ta yi ƙara sau ɗaya, ya kashe. Baba yana da wani littafi mai baƙin bango da ya rubuta lambobi da masu su. In waƙa ta ƙare sai ya duba waya ya ce, mai lambar da ta ƙare da arba’in da bakwai, tela na bayan tashar mota, na ga gaisuwarka, a rage cin yadin mutane. Filashin ɗaya gaisuwa ce. Biyu, a maimaita waƙar. Uku kuwa ma’anarsa Baba ka cika surutu, saki kiɗa. Shi ya koya musu wannan tsarin, kuma har masu ukun yana karanta su yana dariya.

Ita kuwa tasha tana cikin wani hali. Wuta ba ta zama, janareta ne ke riƙe da mu, shi kuma yana shan dizal kamar yana fushi da mu. Ga kuɗin lasisi, ga injiniya da kullum sai ya sauko daga kan eriya ya ce wani abu ya ƙone. Masu talla a shirin Baba ƙanana ne: mai katifa, mai man zafi, mai gyaran keken ɗinki, wata baiwar Allah mai sayar da tabarau. Mutanen kirki ne, amma sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka zauna a bencin kowa, ka ji labarin ciwon gwiwarsa daga farko, kafin ya sayi minti biyu. Tsofaffin mawaƙan kuma, Allah ya jiƙansu, ba sa kawo komai. Mawaƙin zamani da ƙafarsa yake zuwa, da ambulan a aljihu, yana roƙon a sa waƙarsa sau biyar a rana. Na kabari bai taɓa aiko ambulan ba.

Ana haka wani babban kamfanin waya ya turo wakiliyarsa, wata ’yar gayu mai magana tana duba agogo. Suna neman tashar da za su zuba tallan shekara guda, kuma abin da su kaɗai za su bayar ya fi na mai katifa da irinsa ashirin. Ta ce matasa suke nema, safiya suke so, kuma a nuna mata a rubuce lokacin da aka fi sauraronmu. Mu ba mu da wani ma’aunin masu sauraro in ba wayar situdiyo ba. Manaja ya ce in haɗa masa lissafin kiran wata guda.

Na zauna na haɗa. Shirin yamma na kiɗan zamani, kira da saƙon tes tuli. Shirin Baba, kira bai fi a ƙirga da yatsu ba, amma filashin ɗinsa ya ninka kiran yamma sau uku. Goggo, na daɗe ina kallon takardar nan. Na san in na sa filashin, manaja zai ce safiya ta Baba ce, ba mai taɓa ta. Kamfani kuma zai tafi tashar da ke tsallaken titi, kamashona ya bi shi. Sai na ce wa kaina, ai kira aka ce in ƙirga, filashin kuwa ba kira ba ne, ko kamfanin wayar ma bai ɗauke shi a kira ba. Na ja layi na share. Ban ƙara ko ɗaya ba. Ban yi ƙarya ba, na dai rage gaskiya.

Manaja ya duba ya ce ashe duk shekarun nan da bango Baba yake hira. Cikin mako biyu aka sauya tsarin tasha gaba ɗaya. Aka ba Baba agogon bango da takardar godiya, aka ɗauki hoto. Ni na riƙe masa agogon.

Yanzu yana gida. Ƙarfe tara in ta yi, sai ya yi wanka ya zauna a falo da littafin nan a cinya. Mutanensa sun samo lambarsa, shi suke wa filashin, shi kuma ba shi da inda zai amsa, sai ya buɗe littafi ya faɗi sunan mutum a hankali, shi kaɗai. Manaja ya nuna masa takardar, Baba kuma ya gane abin da aka cire. Ya ce duk wanda ya haɗa ta bai taɓa leƙa situdiyonsa ba. Sai ya kira ni ya ce, tunda kai kana ciki, ka binciko mini wane ne, ba don faɗa ba, so nake in nuna masa littafin kawai. Ni aka ba aikin nemo ni.

Matata kuwa kullum muka zauna cin abinci sai ta yi Allah ya isa ga wanda ya haɗa takardar, ni kuma in ce amin, ina shan ruwan sanyi daga firjin da na saya mata da kamashon. Sakatariyar manaja ce ta buga takardar, ta ga layin da na ja, kuma shagon gyaran gashi ɗaya suke zuwa da matata. Kwanan nan in mun haɗu a ƙofar ofis sai ta ce, sannu da aiki, Malam mai share-share. Mai katifa ma ya janye tallansa. Ya ce abokan cinikinsa masu ciwon baya ne, masu rawa da wannan kiɗan kuwa ko a ƙasa sai su yi barci.

Amma fa a duba. Tasha ta tsira. Mutum goma sha huɗu ke ci a wurin nan, kuma rabon da a biya albashi a kan lokaci kamar yanzu har na manta. To Goggo, ni maci amana ne ko mai ceto? In faɗa masa, ko in ci gaba da bincike har Allah ya sa a manta?

Naki,
Mai Jakar Talla

AMSAR GOGGO

Ɗana Mai Jaka, na karanta wasiƙarka sau biyu. Karon farko na yi dariya, karo na biyu ban yi ba. Bakinka yana da daɗi, kuma ina ganin shi ne ya kai ka inda kake, don ka fara sayar wa kanka magana kafin ka sayar wa manaja.

Bari in fara sauke maka rabin kayan. Tasharku ba ta yi laifi ba don ta sauya kiɗa. Gidan rediyo ba waƙa yake sayarwa ba, kunnuwan jama’a yake tarawa ya sayar wa mai talla, kuma mai talla yana zaɓen kunnen da ke da aljihun da yake so. Kamfanin waya yana neman masu ƙona kati ne. Mutanen Baba kuwa gwanayen gaisuwa ne ba tare da sun kashe komai ba. Ko da ka sa filashin ɗinsu duka a takarda, ba su ne wakiliyar take nema ba, kuma janareta ba zai daina shan dizal don girmama tsohuwar waƙa ba. Mai yiwuwa safiyar Baba ta riga ta kusa tafiya, da kai ko ba kai. Wannan rabin ba naka ba ne.

Ga rabin da yake naka. Zaɓi tsakanin kamfani da Baba na manaja ne, kai kuma ka ƙwace masa shi ta hanyar ba shi rabin takarda. Sannan ka tsaya kana ji aka ce mutumin da ya kawo ka da bango yake hira, alhali ka san ɗaruruwan hannaye na gaishe shi kowace safiya. Aiki kan ƙare, wannan kowa ya sani, shi ma Baba ya sani. Abin da ke zaunar da shi a falo da littafi a cinya shi ne an rubuta cewa ba wanda ke jin sa. Kai da ka tashi a kasuwa ka san sunan wanda ya cire ɗan dutse ɗaya daga sikeli ya ce shi bai taɓa kayan ba.

Saboda haka ka faɗa masa, a cikin makon nan, kai da shi kawai. Kada ka tafi da tsaraba, kada ka tafi da barkwanci, kada ka fara da labarin dizal. Ka ce Baba, ni ne, na ga filashin ɗin, na san yawansu, na cire don kada kamasho ya wuce ni. In ya tambayi dalilin tasha sai ka kawo shi daga baya. Daga can ka wuce gida ka faɗa wa matarka a ranar, da bakinka. Za ta yi fushi, kuma tana da gaskiya. Amma mace takan yafe abin da mijinta ya faɗa mata fiye da abin da ta ji tana zaune ana taje mata kai a gaban mutane. Kafin nan ma ka daina cewa amin, kana ja wa kanka ne.

Bayan haka ka kai wa manaja cikakkiyar takarda. Ba don ya maido da safiya ba, an riga an sayar da ita. Don ya san abin da ya bari ne. Ka kuma tuna masa cewa tashar da mai talla ɗaya ke riƙe da ita ’yar haya ce a gidanta. Yarjejeniyarku ta shekara guda ce. In ta ƙare kamfani ya tsallaka titi, da wace fuska za ku koma bencin mai katifa?

Akwai hanya kuma. Kai ka ce lokacin tsakar rana yana da araha. Ka nemi a sayar maka da awa ɗaya a ciki, ko a ƙarshen mako, ka bi ƙananan masu tallan nan su haɗu su ɗauki nauyinta, kai kuma ka yi wannan yawon ba kamasho. Littafin nan na Baba yana ɗauke da sunaye da sana’o’i da unguwanni na shekara goma sha tara, kuma a wurin mai tabarau ko mai man zafi ya fi duk wani lissafin kira daraja. Sai dai kada ka kai masa wannan tayin a ranar da ka je neman gafara, zai zama kamar ka zo sayen yafiya ne. Ka bar kwanaki su wuce. Zai iya karɓa, zai iya cewa ya gaji, zai iya ɗaukar lokaci bai sake maka fuska ba. Duk wanda ya zaɓa haƙƙinsa ne, kai dai ka ci gaba da zuwa gaisuwa.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran surukinka, ya bar ka da iyalinka lafiya.

Ku kuma masu karatu, tun da tashoshi suka fara wannan sauyin kuke ta rubuto mini kuna kukan an kwashe muku waƙoƙin da kuka tashi da su. Na ji kukanku, ni ma ina yin irinsa. Amma a cikinmu wa ya taɓa shiga shago ya ce wa mai kaya, a shirin wane na ji tallanka, shi ya sa na zo?