Rigar Habsu Tana Rataye a Ƙusa

Zuwa ga Zinatu, sanyin idona, inuwata in rana ta take, ruwan randata a tsakiyar bazara, uwar ɗiyata Habsu. Sallama daga mijinki da barci ya ƙaurace wa.

Tun ranar da kika ɗauki yarinyar nan kuka tafi gidan Innarki a Gummi, gidanmu na Anka ya koma kufai. Kin tafi da ƙamshinki, kin tafi da dariyarki, kika bar mini rigar robar da likita ya yi wa Habsu don ta tallafe ƙashin bayanta da ke karkacewa. Tana nan rataye a ƙusa, da siffar haƙarƙarin ɗiyarmu, ba kowa a ciki. Wallahi tsoron kallonta nake yi.

Kin tuna ranar nan a asibitin birni? Likita ya sa hoton ƙashinta a kwamfuta, na'urar ta gwada shi da na ɗimbin yara masu irin lalurarta, ta zano mana baya iri biyu. Na farko, in ta jure rigar: ya ɗan karkata, ya tsaya nan. Na biyu, in an cire mata: yana ta lanƙwashewa kamar lauje har ya danne huhu. Kika damƙe hannuna a gaban mutane, ke da ko sunana ba kya faɗa don kunya! Har yau ina jin faratanki a tafina.

To mi ya canza, farin watana? Na sani, Inna ta ce wannan duba ne, duk mai faɗin gobe boka ne ko da na ƙarfe ne, kuma ba za a ɗaure jikarta bisa maganar boka ba. Haba Zinatu! Ke da kike kallon gabas ki ce a kwashe shanya hadari na tafe, duba kika yi? Allah kaɗai ya san gobe. Likitan ma da bakinsa ya ce ƙiyasi ne, na'urar tana iya kuskure. Amma in ba ta yi kuskuren ba fa? Wa zai ɗaukar wa Habsu wancan bayan?

Na san kukanta ne ya karya miki zuciya, ga zafin roba, ga ƙuraje a hammata. Ni ma ubanta ne, na ji shi har cikin hantata.

Shitu direba, wanda zai miƙa miki takardar nan, ya ce ya ga Habsu a bakin rijiya, ta ƙara tsawo, kafaɗarta ta dama ta fara hawa. A jikinta aka auna rigar nan, ita ba ta girma, ɗiyarmu kuwa kullum girma take. In damina ta wuce, ko kun dawo ba za ta shige ta ba. Kuma kin ji likita: in ƙashi ya ƙosa a karkace, sai wuƙar tiyata.

Ki dawo, hasken ɗakina, ki dawo! In kunyar Inna ta hana ki, ki aiko mini kalma ɗaya, in zo da rigar in durƙusa a gabanta. Ni zan iya jiranki har furfura ta cinye kaina. Bayan Habsu ne ba zai jira ba.

Naki ke kaɗai, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Lirwanu