Famfon Baba Kwabena

Litinin, 7 ga Maris, 2016

Wani ya taɓa famfon nan. Ranar Asabar da zan tafi, matoshin robar da ke bakinsa baƙi ne, yau na tarar da ja. Tiren da ke ƙasa kuma da danshi.

Tun ranar da aka turo ni kula da Baba Kwabena a Morris Heights na faɗa wa 'yarsa Efua gaskiya: zan dafa, in ba shi magani, in taimaka masa da wanka, amma firijin nan mai famfon giya a ka, da kofunan tangaran da ke jere a gefensa, hannuna ba zai taɓa su ba. Ta ce ba ma sai na taɓa ba, tun da ɓarin jikinsa ya shanye likita ya hana shi sha. Ta ce in ya sake kai ko kurɓi ɗaya baki, gidan tsofaffi za ta kai shi, ta gaji da fargaba. Ita tana New Jersey, ni ce idonta a nan.

To, ido ya gani.

Talata, 8 ga Maris

Na tambaye shi wa ya canza matoshin. Ya ce, "Zinariya, ka cika tambaya kamar polis." A zangon Kumasi ya koyi Hausa, har yau "ka" yake ce mini. Ya yi murmushi ya koma kallon ƙwallo. Ban yarda da murmushin nan ba.

Alhamis, 10 ga Maris

Yanka a tafin hannunsa na dama, mai lafiyar. Wai gwangwanin kifi ne. Ni nake zubar da sharar gidan nan, ban ga gwangwani ba. Gwiwarsa ma ta kumbura. Mutum ba ya faɗuwa haka kawai.

Da nake neman filasta a durowa na ci karo da wata sufana mai ƙugiya, da siririn burushi kamar na wanke kwalbar jarirai, da wani farin gari a leda. Na mayar da su yadda na same su.

Asabar, 12 ga Maris

Yaw ya zo, abokinsa tun suna tuƙin tasi. Kullum sai daidai lokacin tashina yake zuwa, kullum da baƙar jaka a hammata. "Madam, je ka huta, I'm here." Ladabin ya yi yawa. Ina sa takalmi suna kallon juna kamar yaran da ke jira uwa ta fita unguwa.

Litinin, 14 ga Maris

Na matsa kusa kamar zan gyara masa kwalar riga don in ji warin bakinsa. Alawar na'ana'a kawai na ji. To ni ma ina na san warin abin, in ban da na mashayan da ke gyangyaɗi a jirgin ƙasa mai lamba 4?

Laraba, 16 ga Maris

Raina ya rabu biyu. Mutumin nan in na shimfiɗa sallaya shi yake rage sautin talabijin, ban taɓa roƙonsa ba. A wannan falon matarsa ta yi jinya har ta cika. In na yi magana za a fitar da shi. In na yi shiru ya sake yanke jiki ya faɗi, me zan ce wa Efua? Me zan ce wa Allah?

Asabar, 19 ga Maris

Na yi sallama na sauka, na ɗan tsaya a bakin titi, na dawo a hankali wai na manta lema. Ƙofar ba ta rufu duka ba. Yaw ya ja hannun famfon, abin ya yi fuuu, ya cika kofi biyu. Suka haɗa kofunan, suka faɗi wani abu da yarensu na Twi suka yi dariya. Baba ya sha, ya lumshe ido, ya goge baki da bayan hannu. Rabon da in ga fuskarsa haka, ban ma taɓa gani ba.

A kan matakala na kira Efua. Na faɗa mata abin da na gani.

Lahadi, 20 ga Maris

Ban iya cin abinci ba. Amma ai amana ce.

Litinin, 21 ga Maris

Efua ta zo da safe, ko jakarta ba ta ajiye ba ta fara faɗa, rabi Turanci rabi Twi. Ta fizge ƙofar firijin. Ƙaramin tanki ne a ciki. Ta ɗauko kofin gilashi ta ja famfon.

Ruwa. Ruwan famfo mai sanyi, fari tas.

Baba bai dube ni ba, ita ya yi wa bayani, amma da Hausa ya yi don in ji. In aka bar famfon giya ba a amfani da shi, bakin yana liƙewa, tiyon ya yi fumfuna, ƙananan ƙudaje su shiga su yi ƙwai. Shi ya sa duk mako, bayan na tafi, yake kwance shi da sufana, ya jiƙa a ruwan farin garin nan, ya goge da burushi, ya shanya, ya ɗaura, ya bi tiyon da ruwa, ya toshe bakin. Tunda ruwa na bi ta ciki, shi da Yaw sai su sha abinsu. "Hannu ya saba da ja," in ji shi.

Efua ta juyo kaina. "Auntie, you never opened it? Ko kofin ba ka sansana ba?" Na ce ai na faɗa mata ba na taɓawa. Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Na ɗauka an gama. Ashe yanzu aka fara. Ta ga yankan, ta ga gwiwar, ta tsare shi har ya ce wajen ɗaga tankin cike da ruwa da hannu ɗaya ya zame. Ta ce wannan ya fi giya muni. Ko firijin ya fita, ko shi ya fita, zuwa ƙarshen wata. Ya ce, "Ni da shi tare za mu fita."

Laraba, 23 ga Maris

Ya daina ce mini Zinariya. "Madam." Ya karɓi magani, ya ce thank you. Wallahi gara ya zage ni.

Duk da haka, wa ya sani ko sun canza tankin kafin Efua ta iso? Astagfirullah. Amma na yi tunanin.

Asabar, 26 ga Maris

Yaw ya buɗe jakar nan a gabana da gangan. Dokunu ne, irin tuwon masararsu, da soyayyen kifi. Na ce shi me zai hana ya riƙa ɗaga tankin? Ya nuna mini bel ɗin da ke ɗaure a bayansa, aikin tasi ya gama da shi. Suka zauna babu kofi, babu hira. Kafin in gama sa riga Yaw ya tashi tafiya.

Litinin, 28 ga Maris

Baba ya bar bakin famfon a buɗe tun Asabar. Ƙudajen da ya faɗa sun zo. Yana zaune yana kallonsu, bai kore su ba. Efua ta aiko saƙo wai an samu gado a wani gidan tsofaffi can Yonkers.

Na yi niyyar tambayar malam a masallacin Tremont ko ya halatta in taɓa famfon. Na je har bakin ƙofa, ban san ta inda zan fara ba, na dawo.

Alhamis, 31 ga Maris

Na kira Efua. Ban ce na yarda da komai ba. Na dai ce mata ran Alhamis aikin ba shi da yawa, kuma tanki bai kai bokitin da nake ɗauka a Maraɗi nauyi ba, ni zan riƙa ɗaga masa. Ta ce za ta sa su riƙe maganar gadon tukuna.

Na sa safar hannu biyu-biyu. Sufanar ta ƙi kamawa, ina ta juyi ta baibai. Baba yana daga kujera yana kallo, ya daure, ya daure, ya kasa. "Ba haka ba! Hagu, Zinariya, hagu! Za ka kashe mini roba." Abin da ya fito daga bakin ƙarfen nan ba zan rubuta ba. Na jiƙa, na goge, na shanya a kan tawul, na ɗaura, na bi tiyon da ruwa. Ruwan da ni na cika da hannuna daga kicin.

Ya ce in zuba masa. Na ɗauko kofin tangaran na ja, na cika. Kafin in miƙa masa na kai hanci na sansana. Ya gan ni sarai.

Ya miƙo hannu ya karɓa.