Ƙasar Wata daga Tudunmu

Zuwa ga ƙanena Hazza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Amman ɗinka, birnin da ya hana ka leƙo mu. Mu nan sai godiya. Azumi ya zo da sauƙi, in ban da Baba da ciwon ƙirjin nan ya ƙi saki.

Direban motar da ke kwasar muku duwatsu na ba wannan takarda, don ba a sirri a waya a gidan nan. Idon Baba ya tafi, amma kunnensa ya fi na zomo. Tun da ka yi masa bayanin aikinku bai bar kowa ya huta ba. Duk wanda ya shigo shan gahawa sai ya ji cewa ɗansa na niƙa baƙaƙen duwatsun tudunmu su koma gari irin ƙasar duniyar wata, a gwada ƙafafun motar da za a tura can. Kawu Mifleh ya ce masa, "To Awwad, in duniyar wata irin tudunmu ce, me za su je nema? Su zo nan mana, inda ko akuya ba ta samun na ci." Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ni dai ban ga abin taƙama a niƙan dutse ba. Leburorin da ɗan kwangila ya kawo baƙi ne, ba sa jin maganarmu. An ce ka hana su haƙa, na sama kawai za su ɗiba, waɗanda laka ba ta kama ba.

Abin da ke damuna, Baba ya fara wasiyya. Kullum sai ya ce in ya tafi a kwantar da shi a gefen Umma, kafaɗa da kafaɗa, kada a sa kowa tsakaninsu. Don Allah ka zo sallah.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Falha

Hazza,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ka yi sallah lafiya, ko da yake ba ka zo ba. Ka yi haƙuri da rubutun.

Da safiyar sallah na hau tudu ziyarar Umma kamar yadda na saba. Babu kabari ko ɗaya, Hazza. Fili ne fetal, sai sawun tayoyi. Ka san kaburburan tsohuwar maƙabarta ba suna, ba rubutu, ba siminti. Duwatsu ne a jere, ɗaya tsaye a kai, ɗaya a ƙafa. Mu muna gani mu gane, baƙo kuwa dutse yake gani a cikin duwatsu. Kuma su ne masu tsabta, su ne masu sauƙin ɗauka. An kwashe su duka, har waɗanda nake bi in gane hanya. Na yi ta zagayawa ina kuka kamar wadda ta ɓata a kasuwa.

Ban ce da gangan ka yi ba. Kana goye aka binne ta, kuma a hoton da aka ɗauka daga sama ka ja layin inda za a kwashe, inda komai baƙi ne. Amma matambayi ba ya ɓata, kai kuwa da iliminka ba ka tambayi kowa ba. Ina fushi da kai, ba zan ɓoye maka ba.

Kawu Mifleh ya gani, ya ce kada wanda ya gaya wa Baba. Da na dawo Baba ya ce, "Kin gaishe ta?" Na ce na gaishe ta. Ya ce, "Dutsen kan bai karkace ba?" Na ce yana nan tsaye.

Ka tsayar da injin niƙan nan. Dutsen kanta yana da tsaga a gefe, kamar kunnen tunkiyar da aka yi wa shaida. In ka same shi ka nuna wa leburorin, ƙila wanda ya cire shi ya tuna wurin. Ka yi sauri, Baba ko shayi ya daina shanyewa.

Yayarka, Falha

Ƙanena Hazza,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Na san labari ya same ka a ƙasar da ka raka buhunan niƙaƙƙen dutsenku, kuma ba wanda ya ga laifinka da ba ka riski jana'iza ba.

Amsarka ta iso tun yana da rai. Na karanta inda ka ce an riga an niƙe, an tankaɗe, an busar a tanda, leburori kuma sun watse. Na ga inda hawaye ya ɓata tawada. Fushina ya tafi, Hazza, ba ni da ƙarfin riƙe shi.

Ranar da zai cika ya kama hannuna ya ce, "Falha, mazan nan ba su san komai ba. Ke za ki nuna musu gefenta." Na ce to, Baba. Ya ce, "Kin san wurin ko?" Na ce na sani.

Kafin a ɗauko shi, Kawu Mifleh ya kai ni tudun tare da masu haƙa. Kowa cewa yake, "Ai Falha ba ta fashin ziyara, ko ido rufe za ta gane." Suka tsaya da diga suna kallona. Na taka, na dubi gabas, na taka kuma, sannan na nuna ƙasa na ce, "Nan." Muryata ko rawa ba ta yi ba. Suna haƙa ina roƙon Allah kada diga ta taɓa ƙashin wani. Ba su tarar da komai ba. Kawu ya ce, "Madalla, daidai gefenta ke nan," mutane suka yi ta sa mini albarka.

Ƙila tana kusa da shi, ƙila tana can ƙarshen filin. Ban sani ba, Hazza. Duk garin nan ni kaɗai na san ban sani ba, yanzu kuma sai kai. In ka zo zan kai ka, ka yi musu addu'a su biyu a wuri ɗaya, kada ka tambaye ni komai a gaban mutane.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.
Yayarka, Falha