Na Rubuta Sun Ɓace, Ga Su a Rumbu

Baba Abarshi, don Allah ka ba ni shawara, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana.

Ni malamin gona ne a yankin Konni, shekara goma sha huɗu ke nan. Bayan farin 1984, ni ne na bi ƙauyuka a kan moto, wato babur, ina raba irin gero da dawa mai saurin nuna. Ban tsaya nan ba, har faɗa na riƙa yi wa manoma su bar irin kakanninsu. Na taɓa zubar wa wani dattijo ƙwaryar iri a gaban 'ya'yansa. Ƙuruciya ce da zafin takarda, amma na yi.

To, tun da aka yi yarjejeniyar Rio ta kiyaye ire-iren halittu, sai zance ya juya. Bara aka aiko daga Yamai cewa mu ƙidaya tsofaffin ire-iren da suka rage. Na zagaya Bazaga da Dogarawa har gefen Illela. Duk zauren da na sauka amsa ɗaya ce, wai sun daina tun tuni, irina kawai suke shukawa. Na rubuta iri goma sha ɗaya sun ɓace. Shugabana ya yaba, ya ce lissafina ya shiga rahoton da wakilanmu za su kai taron ƙasashen duniya wata biyu masu zuwa. Ban ɓoye maka ba, kaina ya kumbura.

Makon jiya muka je suna gidan gwaggon matata, zan kira ta Kande. Aka kawo tuwon wata jar dawa da suke kira 'Yar Labo, ta uku a jerin da na binne da alƙalamina. Na tambaya a ina aka samo ta. Kande ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kai ni bayan ɗaki ta nuna mini damma a rumbu da tulunan iri cikin toka. Ta ce da aka ji ƙarar motona kowa ya ɗauka bincike na zo yi, ko an bi umarnina, shi ya sa aka gaya mini abin da nake son ji. Na ƙirga iri bakwai daga cikin sha ɗayan nan a gidaje uku kawai.

Kunya ta ishe ni, Baba. In na yi shiru, za a karanta ƙarya da sunan ƙasata. In na yi magana, shugabana ya riga ya sa hannu, kuma mutum ne da ba ya mantuwa. 'Ya'yana biyar, biyu suna lakwal, wato makaranta. Matata ta ce in bar shi, wa zai taso daga Turai ya leƙa rumbun Kande? Yaya zan yi?

Mai Jajayen Idanu, Birnin Konni

Ɗana, na ji, kuma ka yi haƙuri, ni ma sai da na murmusa.

Tsoronka ba na banza ba ne. Shugaban da aka kunyata yana iya tura ka wani lungu, kuma matarka bakin 'ya'yanta take dubawa. Gaskiyarta, babu mai zuwa leƙa rumbun. To, matsalar ke nan. Waɗanda za su zauna a taron ba su taɓa ganin Bazaga ba, takardarka ce idonsu. Abin da aka rubuta ya mutu, ba wanda zai ware masa rana ko ma'aikaci don a tsare shi. In wani fari ya zo ya cinye tulunan nan, shi ke nan, ba mai tambaya.

Ba ƙarya ka yi ba, an yi maka ladabi ne irin na wanda ake tsoro. Amma daga ranar da ka ci tuwon nan, shirunka ƙarya ne.

Wata biyu sun isa. Ka koma ƙauyukan a motar haya, tare da matarka, ku fara da mata. Ka sake ƙirga sosai, ka nemi izinin kowa kafin ka rubuta sunansa. Sannan ka sami shugabanka shi kaɗai, ba a gaban ma'aikata ba. Ka ɗauki kuskuren a kanka, ka miƙa masa gyaran a matsayin albishir: ire-iren suna nan, kuma ga waɗanda suka tsare su. Wakilin da ya je da wannan ya fi mai zuwa da ta'aziyya abin faɗa. In ya ƙi, ka ajiye gyaran a rubuce a buro, wato ofishinku, da kwanan wata, ka riƙe kwafi.

Ba zan yi maka alkawarin ba za ka sha zafi ba. Sai dai kafin duk wannan, ka je gun mutanen nan ka ce musu ka yi kuskure da ka hana su irinsu. Shekara goma suna ɓoye maka abincinsu, ba za su buɗe rumbu don takarda ba sai sun ji haka daga bakinka.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya tsare maka aikinka, ya raya zuri'a.

Baba Abarshi