Rasuwar Malama Zuliha Bukar, Mai Jan Tambari

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Iyaye Masu Sa Ido Kan Talabijin ta Damagaram tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar uwarta kuma shugabar kwamitinta na tantance shirye-shirye, Hajiya Malama Zuliha Bukar, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a gidanta na Zinder bayan jinyar wata biyu.

Shekara goma sha ɗaya marigayiya ta yi tana zama gaban akwatin talabijin da littafinta a cinya, tana kallon abin da wasunmu ba su iya kallo, domin ta faɗa wa iyaye wane shiri ya dace da wane yaro. Da ta lura yawancin iyaye a Tirmini da Dakusa ba su damu da lambar shekarun da ake rubuta wa shirye-shirye ba, ita ce ta kawo tambarin launi a kusurwar allo: kore na kowa da kowa, rawaya sai da babba a kusa, ja kuwa a kori yara. Har tsofaffin da ba su taɓa shiga aji ba sun gane shi.

Ba za mu rufe wannan saƙo da ladabin ƙarya ba. Akwai wata tasha a garin nan, ta san kanta, wadda ta goge jan tambarin Malama daga wani fim na yanka da zubar da jini, ta sa shi lokacin da yara ke dawowa daga lakwal. Da ta yi magana, sai suka shirya wasan dariya, suka ɗaura wa wani ƙato zane da tabarau yana ɗingishi irin nata, mako bakwai ana nunawa. Ajali na Allah ne, ba mu ce su suka kashe ta ba. Amma mun ga yadda ta daina fita kasuwa, kuma ba mu yafe ba.

Jiya suka turo kyamara wai za su ɗauki addu'ar uku. Mun mayar da su daga bakin zaure, da goronsu. Littafinta yana hannunmu, kuma duk shirinsu da ta sa wa ja, za mu karanta sunansa a kowane taron iyaye daga Zinder har Mirriya, sai sun mayar da tambarin inda suka cire shi.

Muna roƙon Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta, Ya bai wa maigidanta Alhaji Mahamud da 'ya'yanta Nazir da Lubna juriyar wannan rashi.

A shafin ƙarshe na littafin mun tarar ta kalli wasan da aka yi don a wulaƙanta ta, kashi bakwai ɗin duka, ta sa masa kore, ta rubuta cewa babu abin da zai cutar da yaro a ciki. Ita ke nan. Mu da ta bari ba mu da haƙurinta, kuma gara su sani tun yau.

Sa hannu:
Malam Mai Nasara Nomau
Kakakin Ƙungiyar Iyaye Masu Sa Ido Kan Talabijin ta Damagaram, Zinder