Irin Kuɓewar Auta

Litinin, 3 ga Maris

Likita ya ce in riƙa rubuta wani abu, ko da layi ɗaya ne. Ban ga amfanin hakan ba, amma ban saba yi wa masani gardama a fagensa ba. Zan rubuta abin da za a iya aunawa.

Yau wata biyar da kwana huɗu da rasuwar 'yata ta ƙarshe. Shekarunta goma sha tara. A aljihun teburinta na sami ambulan ɗauke da irin kuɓewar da ta tara daga nomanta na bara, a ɗan lambun da ke bayan kicin. A bayan ambulan ɗin ta rubuta: "Kuɓewata. Kada Baba ya taɓa, zai jera su a layi."

Na ƙirga. Ƙwaya talatin da shida. Babu wasu, a nan ko a wani wuri.

Na yanke shawarar shuka su.

Laraba, 5 ga Maris

Na gyara fangalinta. Marigayiya ta bar shi cikin wani hali: ƙirare, busassun ganye, ɓawon gyaɗa, guntayen rassa masu ƙaya, duk a warwatse bisa ƙasar kamar juji. Na sha yi mata magana a kan haka. Na kwashe komai, buhu biyu, na miƙa wa masu kwasar shara. Na kafce ƙasar, na farfasa ɓurɓushinta, na bi ta da manjagara har ta kwanta sumul. Shekara talatin ina koya wa ɗalibai yadda ake daidaita ƙasa kafin a shimfiɗa titi. Fangali mai tsawon mita uku ba zai gagare ni ba.

Na shuka goma sha biyu, layi biyu. Saura ashirin da huɗu.

Uwar yara ta tsaya a tagar kicin tana kallona. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta koma ga wanke-wankenta.

Alhamis, 6 ga Maris

Ramuka uku da ƙazanta. Kyanwa. Na kwashe, na cike ramukan, na sake bi da manjagara.

Asabar, 8 ga Maris

Ba ɗaya ba ce. Na zauna da littafi na lura da su: wata baƙa mai yankakken kunne, wata ruwan toka ramammiya mai shayarwa, da wani ƙaton muzuru ja. Biyun farko ba su da ubangida. Muzurun na maƙwabciyarmu ne, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da unguwa ke kira Sista. Sun saba bi ta kan katanga, su dira a kan tankin ruwa, su sauko kai tsaye cikin fangalin, kamar an aika musu da takardar gayyata.

Na tarar da ƙwaya huɗu a waje, sun kumbura, an tone su. Na mayar da su da ɗan yatsa. Na san ba za su yi ba.

Na karanta cewa kyanwa ba ta son ƙanshin lemo. Na saya, na ɓare, na jera ɓawon a gefuna. Uwar yara ta ce, "Malam, wa zai shanye lemon nan duka?" Na ce a ba maƙwabta.

Lahadi, 9 ga Maris

Baƙar ta kwanta a kan ɓawon lemon tana lasar ƙafa.

Laraba, 12 ga Maris

Na je wa Sista da magana, cikin ladabi. Na shirya jimlolina tun daga gida. Ta saurare ni har na gama, muzurun na kan cinyarta.

"Farfesa," ta ce, "Darakta ba ya fita. Dubi tumbinsa, ina zai hau katanga?"

Na nuna mata shafin da na rubuta lokutan da na gan shi. Ta yi dariya har da tari. "To ka rubuta masa takardar gargaɗi, ka sa hannu, ni zan karanta masa."

Da zan fita ta riƙe ƙofa, ta sassauta murya. Wai ranar da aka binne marigayiya kowa ya yaba da dauriyata, amma ita a asibiti ta ga irinmu da yawa, kuma ba ta yaba musu. Na yi mata godiya. Ban san me ya sa na yi godiya ba.

Asabar, 15 ga Maris

Kwana goma. Babu tsiro ko ɗaya. Shukar farko ta tafi.

Na je wurin mai sayar da dashe a bakin babban titi. Na tambaye shi ko zan iya ajiye sauran irin zuwa baɗi, kafin nan na samo dabara. Ya juya ƙwaya ɗaya a tafinsa, ya ce, "Yallaɓai, iri ba ya jiran mutum ya gama shiri. Wannan ya riga ya fara tsufa. In bai shiga ƙasa bana ba, baɗi sai dai ka huda shi ka yi sarƙa." Na ce in raine su a gwangwani a cikin gida fa? Ya ce kuɓewa ba ta son a taɓa mata saiwa, inda ta tsira nan take son ta girma.

Ya ɗauko min sabon iri cikin leda mai hoto. "Kuɓewa duk kuɓewa ce."

Na karɓi ƙwayata daga hannunsa. Na ji kunyar saurin da na yi.

Litinin, 17 ga Maris

Na kewaye fangalin da ragar waya, tsayin mita ɗaya, turaku shida, duk na auna. Na barbaɗa garin barkono. Na jera kwalabe cike da ruwa, domin wani abokin aikina ya rantse cewa ƙyallinsu na firgita kyanwa. Babu wata hujja a bayan wannan, kuma na san babu. Na sake lallausa ƙasar.

Na shuka goma sha biyu. Saura goma sha biyu.

Talata, 18 ga Maris

Mita ɗaya ba komai ba ne a wurin kyanwa. Ya kamata in sani.

Alhamis, 20 ga Maris

Na nemi hutun mako guda. Na fitar da kujera, ina zama daga fitowar rana har ta take, in ci abinci a tsaye, in koma. Muddin ina wurin ba sa saukowa. Suna jeruwa a kan katanga suna kallona, ina kallonsu. Na shiga ciki amsa waya, minti shida. Na fito na tarar da rami.

Barkonon ni kaɗai ya sa atishawa.

Abokin aikin nan ya ce akwai abin da ake sa wa a kan kifi, a gama da su gaba ɗaya. Na ce masa a'a. Na rubuta a nan, domin gaskiya, cewa ban ce a'a nan take ba.

Asabar, 22 ga Maris

Tsiro biyu! A layin hagu, na uku da na huɗu. Ganye bibbiyu, ƙanana kamar farcen jariri. Na kira uwar yara. Ta zo, ta durƙusa, ta daɗe.

Lahadi, 23 ga Maris

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Na fito da safe na ga ruwan tokar nan a cikin raga, tana tono da ƙafafun gaba, daidai layin hagu. Tsiron na uku yana kwance, saiwarsa a sama. Na huɗun ban gan shi ba sam.

Manjagara ce a hannuna. Na jefe ta da ita. Ban same ta ba. Na sami famfon tanki, ya karye, ruwa ya yi ta tsiri. Na ji wata murya tana zagi, zagi irin na 'yan tasha, kuma muryata ce. Ban san na san waɗannan kalmomi ba. Na bi ta har gindin katanga ina jifa da kwalabe. Bayan ta ɓace ma ban daina ba.

Da na juyo, uwar yara na tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ruwa ya jiƙa min wando har gwiwa. Na ce mata, "Sai a kira mai gyaran famfo." Ta ce, "To, Malam."

Saura goma sha biyu.

Laraba, 26 ga Maris

Ban fita lambu ba. Ambulan na aljihun rigata. In na shuka su, za a tone. In na ajiye su, za su mutu a takarda. Na juya lissafin ta kowace fuska, amsar ɗaya ce.

Juma'a, 28 ga Maris

Na fita, don ba na iya ganin ƙasar a hargitse. Ina cikin bi da manjagara sai ga kan Sista ta saman katanga. Ta hau wani abu tana shanya.

"Farfesa, sannu da aiki. Wai kai ne ma'aikacin da suka ɗauka?"

Na ce ban gane ba.

"Kullum da safe ina jin ka, ƙarar-ƙarar. Ka kwashe musu na jiya, ka lallausa musu ƙasa, ka bar ta a bushe sumul. Ni da kuɗina nake sayen yashi in zuba wa Darakta a kwano, bai kai naka laushi ba. Masai mafi tsafta a unguwar nan ka buɗe musu, kyauta, har da katanga don sirri."

Na tsaya da manjagara a hannu. Na ce ai marigayiya ta yi noma a nan shekara uku, ba su dame ta ba.

"Auta? Auta ai ba ta barin ƙasa tsirara."

Na shiga kicin. Uwar yara na yanka albasa. Na tambaye ta ƙiraren nan da ganyayen da na kwashe, mene ne amfaninsu. Ba ta ɗago ba.

"Don kyanwoyi ne. Ta ce kyanwa ba ta son taka abin da ke sukar ƙafa, kuma ba ta tono inda ba ta ga ƙasa ba. Ta faɗa maka, Malam. Sau biyu a gabana. Ka ce gidanka ba juji ba ne."

Na tuna. Na tuna har da rigar da ke jikinta ranar, da yadda ta ce, "Baba, ba titi ba ne, gona ce."

Na ce me ya hana ta gaya mini tun ranar farko, da ta ga ina cika buhu.

Ta ajiye wuƙar. "Wata biyar, in na kama sunanta sai ka duba agogo. Ta ina zan fara?"

Ƙwaya ashirin da huɗu. Ba kyanwa ce ta ci su ba.

Asabar, 29 ga Maris

Babu abin rubutawa.

Litinin, 31 ga Maris

Na ɗauki buhu na bi gefen titi ina tsintar ƙirare da busassun ganye. Wani tsohon ɗalibina ya tsayar da mota, ya fito a ruɗe: "Ranka ya daɗe, lafiya?" Na ce lafiya lau, bincike nake yi. Mai dashe ya ba ni rassan da ya sassabe, masu ƙaya.

Na cire ragar. Na jiƙa ƙasar sosai. Na shuka goma sha biyun ƙarshe. Ambulan ya zama fanko. Na mayar da shi aljihu.

Sai na fara rufewa. Na yi rabi, uwar yara ta fito ta tsaya a kaina.

"Malam, mene ne wannan?"

Na duba. Na jera ƙiraren a layi, tazara ɗaya, kowanne na kallon gabas. Tsakaninsu ƙasa a buɗe, daidai faɗin kyanwa.

Ta karɓi buhun daga hannuna, ta kama gindinsa, ta zazzage shi gaba ɗaya, ta baza da ƙafa. "Haka take yi," ta ce. "Tana yi tana waƙa, muryar nan tata kamar ana jan kujera." Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Na riƙe mata buhun. Ba abin da za a riƙe a cikinsa, amma na riƙe.

Ta kai manjagarar ɗakin ajiya, ta kulle, ta sa makullin a bakin zaninta.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Baƙar ta sauko, ta ɗora ƙafa ɗaya, ta janye, ta karkaɗe ta, ta tafi. Ban yarda da abin da aka gani sau ɗaya ba.

Hannuwana ba su san abin da za su yi da safiya ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Rami ɗaya a kusurwa, inda ganyen ya yi ƙaranci. Na kwashe ƙazantar, na ƙara ƙirare. Ban daidaita komai ba. Ba zan iya sanin abin da ke faruwa a ƙarƙashi ba sai na ɗaga, kuma an hana ni ɗagawa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Biyar. Wataƙila shida, akwai wani abu kore a ƙarƙashin wani reshe, ban taɓa ba. Ba su fito a layi ba, ko kuma ni ne ba na iya ganin layin saboda tarkacen. Biyar cikin talatin da shida ba sakamako ba ne da mutum zai kai gaban kowa. Kuma ba su tsira daga komai ba tukuna.

A can ƙarshen gida, bayan tanki, na zuba yashin da ya rage daga gyaran famfo. Wannan dabara ce kawai: in suna da inda za su, za su bar nan. Ruwan tokar ta kawo 'ya'yanta uku, ta same shi kafin in gama bazawa. Kwanon ruwan da ke wurin, saboda zafi ne.

Da la'asar uwar yara ta fito da kujera ta biyu. Ta ba ni labarin ranar da aka kai ƙarar Auta a makaranta saboda ta cika aljihun rigarta da tsutsotsin ƙasa. Ban san wannan labarin ba. Na bar agogona a ɗaki, mantuwa ce.

Wurin ya koma juji sosai. Auta za ta ce yanzu ya fara kama da gona.