Kun Sa Yayata Ta Rataye Malfarta

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke kawo man fuskar nan mai hana tsufan fata da kare zafin rana a shagunan Daura da kewaye.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ranka ya daɗe, ban ambaci sunan kamfaninku ba don ba talla na zo yi muku ba. Kun san kanku, matan garin nan ma sun san robar mai murfi ruwan gwal.

Yayata Rabi zabiya ce. Tun tana ƙarama ba ta fita sai da malfa mai faɗin baki, wadda marigayi babanmu ke sa a saƙa mata. Da ita ta yi makaranta, da ita take zama a kasuwar Mai'adua tana sayar da daddawa da kuka. Ta sha tsokana a kanta, har ana kiranta Rabi mai rumfa. Ta haura arba'in ba ta taɓa zuwa biki da rana ta kafa ɗaurin ɗankwali kamar kowace mace ba.

A farkon bazarar nan wakiliyarku ta shigo mana gidan suna a Sandamu da jakar kayanta. Ta ce abin kare ranar da ke cikin man na ma'adini ne, ba ya shiga jiki, a saman fata yake zama kamar laima. Ta ce shafa ɗaya da safe ta isa har magariba. Sannan ta dubi Yaya, ta ce mai wannan man ba ta bukatar malfa. A gabana aka yi, ba labari aka ba ni ba. Ranar Yaya ta yi dariyar da na daɗe ban ga irinta ba, muna komawa gida ta rataye malfar a ƙusa.

Ga abin da ya ɓata mini rai.

Na farko, a wace ƙasa kuke tsammanin kuna ciniki? Nan garin masu salla ne. Abin da ke zaune a saman fata ai ruwa na tafiya da shi. Yaya takan yi alwalar azahar a bayan rumfunan kasuwa, ta wanke fuska da hannuwa, ta shafi kunne, ta dawo ta zauna cikin rana mai dafa ƙwai, tana ganin a kare take. Ko sau ɗaya wakiliyarku ba ta ambaci alwala ba, alhali ita ma a gidan sunan ta roƙi buta.

Na biyu, ni baƙa ce. In na shafa manku sai in yi furu-furu kamar wadda ta fito daga injin niƙa, in ya wanke kuma ina gani. A fuskar Yaya fari ne a kan fari. Ba ta da yadda za ta gane yana nan ko ya tafi, kuma ita kuka zaɓa kuka raba da malfa.

Na uku shi ya fi ƙona mini rai. Da fuskarta ta yi jawur ta fara salewa, na kai robar wurin wani mai kemis. Ya karanto mini rubutun Turancin da ke bayanta, ƙanana kamar sawun tururuwa: a sake shafawa bayan wanke fuska, kuma kada a bar hula ko inuwa. Wato kun sani. Gaskiyar kun rubuta ta da harshen da Yaya ba ta ji, ƙaryar kuma kun aiko a faɗa mata da Hausa.

Yanzu akwai ciwo a saman kunnenta na hagu da ya ƙi warkewa. Likita ya ce sai an je Katsina an yanki kaɗan an auna. Ba zan yi muku ƙage ba, ya ce zafin rana na shekara da shekaru ne ya tara abin, amma bazarar nan ce ta hura shi. A gida ba mai iya furta sunan abin da muke tsoro. Da na je shagon da ke sayar da kayanku, cewa aka yi ƙaddara ce, har aka miƙo mini wata robar wai a gwada. Mun yarda da ƙaddara, ranka ya daɗe. Amma wanda ya sayi rariya ne aka ce ya san za ta zubar da ruwa, Yaya kuwa laima aka ce mata ta saya.

Don haka ina neman ku rubuta gargaɗin da Hausa, boko da ajami, manya-manya, ku ambaci alwala ƙarara. Ku ja kunnen wakilanku su daina hana mutane malfa da mayafi. Ku shiga rediyo ku warware maganar, don ba Yaya kaɗai ce zabiya a masarautar nan ba. Ku kuma tsaya a kan jinyarta, ku turo mutum ya dubi kunnen nan da idonsa.

Yaya ta sauke malfar daga ƙusa. Sai dai yanzu gefenta na gogar ciwon, sai ta cusa auduga ta karkata ta gefe guda, haka take tafiya kasuwa.

Allah ya sa albarka a halal ɗinku, ya tsare fatar 'ya'yanka, ya sa kada ka taɓa zaman jiran sakamakon awo irin wanda muke yi.

Wassalam.

Zainabu, ƙanwar Rabi,
Daura.